Kowane Tsoho da Lambarsa

Yayana ya shekara 22 a jihar Maryland ta Amurka yana aikin harhaɗa magunguna, ban taɓa sanin launin ƙofar gidansa ba. Da ɗansa ya zo gama sakandare a 2023 sai ya bugo waya ya ce bana babu uzuri, tikiti nasa, biza tawa. Na biya dala 160, lokacin dala tana neman naira 750 a Wapa, na je Abuja na amsa tambayoyin da ba su kai minti uku ba bayan na sha jiran watanni. Kwana tara bayan ƙaramar salla na tashi daga filin jirgin Malam Aminu Kano, muka yada zango a Doha, daga nan awa 14 a sama har ƙafafuna suka kumbura suka ƙi komawa takalmi.

A filin jirgin Dulles da ke kusa da Washington shinge ɗaya na tarar, amma ɗayan ya ishi mutum. Jami'in ya tambaye ni wurin wa na zo, me nake yi a gida, yaushe zan koma, sannan ya ce ko na zo da nama. Da ma Yaya ya ja mini kunne cewa ƙarya a nan ta fi kilishin tsada, don haka na ce na zo da shi. Aka kai ni wani ɗaki aka zazzage jaka, kilishin naira 15,000 ya shiga kwandon shara ina ji ina gani. Kuka da yaji dai sun tsira, bayan an shinshina an yamutsa fuska.

Kwana biyu ina barcin rana, dare kuma idona biyu. A dare na uku na sauko neman ruwa sai na ga wata takarda manne a ƙofar firji, da sunan yaron da hoton mikiya irin na gwamnati. Da safe na tambaya. Yaron ya ɗaga kafaɗa ya ce, "Baffa, ba komai ba ne, kowa ma yana yi." Uwarsa kuwa ta tsuke baki ta ci gaba da suyar ƙwai. Yaya ne ya yi mini bayani: duk namijin da ya cika 18 a ƙasar, har baƙin da suke zaune, dole ya yi rajista da hukumar ɗibar soja. Tun 1973 ba a kira kowa ba, an ma dakatar da rajistar na wasu shekaru, Shugaba Jimmy Carter ya dawo da ita a 1980 bayan Tarayyar Sobiyet ta shiga Afganistan. Sunaye kawai ake tarawa, ko da wata rana.

Ni malamin tarihi ne a sakandare, amma abin da na sani na yaƙin Biyetnam bai wuce finafinan da muka kalla a sinima muna yara ba, sai labarin Muhammad Ali. Takardar firjin nan ce ta sauya mini tafiyar.

Ranar Asabar aka kai ni Washington. Na tsaya a bakin shingen fadar shugaban ƙasa an ɗauke ni hoto kamar kowane baƙo, sannan muka gangara wajen mutum-mutumin Lincoln, inda bangon tunawa da sojojin Biyetnam yake. Ba a biyan ko sisi. Daga nesa ba ka ganinsa, don ƙasar aka yanka aka jingina shi a ciki. Inda ka fara, tsayinsa bai wuce idon sawu ba, layi ɗaya ne na sunaye. Kana tafiya hanya tana gangarawa, bango yana tashi, ya kai gwiwa, ya kai ƙirji, har ka iso kusurwa inda ya kai mita 3, ka ɗaga kai ka ga sunaye sun rufe ka. Baƙin dutse ne daga Indiya, an goge shi ya zama madubi, sai na ga kaina da hulata zanna a tsakiyar sunayen mutane fiye da 58,000. Ba a sa muƙamin kowa ba, kanar da kurtu layinsu ɗaya, kuma jerin bisa ranar da kowa ya faɗi ne. Wadda ta zana shi, Maya Lin, ɗaliba ce 'yar shekara 21 a lokacin, kuma kafin a buɗe shi a 1982 an sha rigima, wasu na cewa ramin kunya aka haƙa wa sojoji.

Wani dattijo baƙar fata mai sanda yana ta fama da farar takarda da fensir, yana so ya kwafi wani suna da yake sama da kansa, hannunsa yana rawa. Ya dube ni ya ga dogo, ya ce don Allah in danne masa takardar. Na danne, shi kuma ya riƙa goga fensir a hankali, haruffa suna fitowa farare ɗaya bayan ɗaya. Da ya gama ya ninke ta ya sa a aljihun gaba. Ya ce tare suka taso a layi ɗaya a Baltimore. Muka zauna a benci, Yaya ya tafi ƙara kuɗin ajiye mota.

Kafin ya tambayi sunana ma ya ce, "Lambata 47." Na yi zaton lambar soja yake nufi. Ashe ƙuri'a ce. Ranar 1 ga Disamba 1969 gwamnati ta zuba 'yan ƙwayoyin roba 366 a cikin wani tulun gilashi, kowace da ranar haihuwa a ciki, aka riƙa zarowa ana nunawa a talabijin. Duk namijin da aka haifa daga 1944 zuwa 1950 yana ciki. Ranar da ta fara fitowa 14 ga Satumba, ita ce lamba ɗaya. Mai ƙaramar lamba ya fara haɗa kaya, mai babba ya yi ajiyar zuciya. A ƙarshe har 195 aka kira. Ya ce a falon uwarsa suka kalla, da aka kira ranarsa ta tashi ta shiga kicin ta buɗe famfo ta bar shi yana zuba, don kada a ji kukanta.

Ya ce duk da haka ƙuri'ar ta fi abin da ke gabanta adalci. Da can kwamitocin unguwa ne, sun haura 4,000 a faɗin ƙasar, dattawan gari mafi yawansu farare, su ke zaɓar wanda zai tafi. Ɗalibin jami'a ana ɗaga masa ƙafa. Wanda gidansu ke da likita yakan zo da takardar ciwo. Wanda ubansa ya san mutane ana sama masa gurbi a dakarun jiha, waɗanda da wuya a tura su Biyetnam. "Mu a layinmu," in ji shi, "ba wanda ya san gidan yana da ƙofar baya." A farkon yaƙin, wajen 1965 da 1966, baƙar fata sun kai ɗaya cikin biyar na waɗanda ake kashewa a fagen daga, alhali a ƙasar ba su wuce ɗaya cikin goma da ɗan wani abu ba.

Da ya ji ni Musulmi ne sai ya kawo zancen Muhammad Ali, wanda ya ƙi amsa kira a Houston ranar 28 ga Afrilu 1967, aka karɓe kambunsa, aka yanke masa shekara biyar, ya yi fiye da shekara uku ba dambe kafin Kotun Ƙoli ta soke hukuncin a 1971. Ya ce ubansa, wanda ya yi yaƙin duniya na biyu, matsoraci yake kiran Ali, shi ma haka ya ɗauka. "Sai da na je na dawo," ya ce, bai ƙarasa ba.

Ni kuwa lissafi na kama yi a raina. Gwamnatin Biyetnam ta ce a 1995 mutanenta kimanin miliyan 3 suka mutu. In za a rubuta su sai an gina irin bangon nan hamsin. Kuma kafin Amurkawa, Faransa ce ta yi yaƙi a can har 1954, da sojojin da ta ɗebo daga ƙasashenmu. Seyni Kunce na Nijar yana cikin waɗanda suka taka ƙasar yana saurayi.

A mako na biyu muka ɗauki hanyar Ohio, za mu kwaso babbar 'yar Yaya da kayanta, ta gama zangon karatu. Matar Yaya ta cika mana kula da dafa-duka da soyayyar kaza, don ta san halin hanya. Tafiyar ta haura kilomita 500 ta cikin duwatsun Pennsylvania, kuma ban ga shinge ko ɗaya ba. Ba itace a gicciye, ba ganga, ba mai cewa a buɗe but. Kuɗin hanya ma kyamara ce take karanta lambar mota. Na ce wa Yaya daga Kano zuwa Zariya da yanzu an gaisa da jami'ai sau nawa. Ya ce kada in yi saurin yabo, a nan in ɗan sanda ya tsayar da kai hannuwanka a kan sitiyari suke zama, ba ka ko laluba aljihu. Fetur galan ɗaya dala 3 da rabi. Salla muka yi a kan ciyawa bayan wani wurin hutawa, wasu direbobin manyan motoci suna satar kallonmu.

Muka kwana a wani ƙaramin masauki na bakin hanya, dala 95 ɗaki mai gado biyu, yana warin tsohuwar taba. Da safe a ɗakin karin kumallo, inda ba abin da na iya ci sai dafaffen ƙwai da burodi da ayaba, na haɗu da tsoho na biyu. Bature ne jibgege, da hular tsofaffin soja. Ya ji Yaya yana tambayar hanyar jami'ar Kent, sai ya ajiye kofinsa. Ya ce lambarsa 88, bai jira kira ba ya kai kansa, don a garinsu, wajen Youngstown, haka ake yi: ka yi soja, ka dawo ka shiga masana'antar ƙarfe inda ubanka yake. Yana sansanin horo dakarun jiha suka harbe ɗalibai masu zanga-zangar ƙin yaƙin a jami'ar Kent a 1970. Ya ce shi bai ce a kashe kowa ba, amma 'ya'yan gata da aka ɗaga wa ƙafa su ne ke ƙona tuta suna zagin waɗanda suka tafi. Gidansu kaka da kakanni jam'iyyar Democrat suke yi saboda ƙungiyar ƙwadago. A 1972 ya zaɓi Shugaba Nixon ɗan Republican, kuma bai sake waiwayarsu ba. Masana'antar ma ta rufe a 1977. Yana magana fuskarsa tana ja, kamar jiya aka yi abin, alhali shekara 53 ke nan.

Bayan mun ɗauki yarinyar muka biya ta Kent. Abin da ya faru sananne ne a can. Ranar 30 ga Afrilu 1970 Nixon ya sanar da tura soja Kambodiya, maƙwabciyar Biyetnam, ɗalibai suka tashi a ko'ina, a Kent aka ƙona ginin horon soja na makarantar, gwamna ya turo dakarun jiha. Ranar 4 ga Mayu da tsakar rana suka juyo daga kan tudu suka yi harbi 67 cikin daƙiƙa 13. Huɗu suka mutu, tara suka ji rauni. Biyu daga cikin mamatan, Sandra Scheuer da William Schroeder, aji za su, kuma shi Schroeder ɗalibin horon soja ne.

Na zaci zan ga babban gini. Filin ajiye motoci na gani, har yau ana ajiyewa. A tsakiyar motocin an bar gurbi huɗu, an kewaye kowanne da gajerun turaku masu fitila, daidai inda kowa ya faɗi. Mutane sun ɗora ƙananan duwatsu a kan turakun, ga daskararren kyandir na zaman makokin da ake yi duk shekara. Na taka daga gurbi na farko zuwa kan tudun da sojojin suka tsaya, na ƙirga taku har na haura ɗari. Ba dutsen da hannu zai jefa daga can ya ji wa mai bindiga ciwo. A gefen tudun akwai wani zanen ƙarfe mai kauri da harsashi ya huda, ƙaramin yatsana ya shiga ramin.

Abu biyu suka tsaya mini. Na farko, da yawa cikin dakarun jiha na wancan zamani samari ne da suka shiga don guje wa Biyetnam, wato masu gudun abu ɗaya ne suka fuskanci juna, wasu da littafi wasu da bindiga. Na biyu, da aka ji ra'ayin jama'a bayan harbin, kashi 58 cikin ɗari ɗaliban suka ɗora wa laifi, kashi 11 ne kawai suka ga laifin sojoji. Ba wanda aka ɗaure. Kwana 11 bayan nan 'yan sanda suka kashe samari biyu baƙar fata a kwalejin Jackson ta Mississippi, labarinsu bai yi rabin wannan amo ba. Na ba yarinyar labarin Samaru a Afrilun 1978, lokacin zanga-zangar ƙarin kobo 50 na kuɗin abinci, yadda soja suka harbe ɗalibai a Zariya. Ta ce, "Baffa, su a ina aka sa musu alama?" Na ce mata ta shiga mota rana tana yi.

Daga nan Yaya ya ce ba a zuwa kusa da magangarar ruwan Niagara da ke kan iyakar Kanada a koma ba a gani ba. Awa uku da wani abu ne. A Lackawanna, kusa da Buffalo, akwai unguwar 'yan Yaman, muka yi azahar da la'asar a masallacinsu, muka ci shinkafa da naman rago a dala 20 kowane faranti, abinci na farko da ya kama mini ciki tun da muka fito. A nan kusa ne kuma muka kusa shiga uku. Yaya yana gardama da 'yarsa a kan taswirar waya, sai ga mu a layin da ya miƙe zuwa gadar Kanada. Su biyu fasfon Amurka ne da su, ni kuwa koren fasfo ba bizar Kanada. Yarinyar ce ta hango allon da ke cewa wannan ce mafita ta ƙarshe, ta ƙwala ihu, Yaya ya murza sitiyari, na bayanmu ya danna mana hon kamar zai fasa kunne. Sai da muka tsaya na ga rigata ta jiƙe.

Ruwan kam ya kai a gani, amma ba shi zan ba da labari ba. Muna jingine da ƙarfe ina yi wa Yaya tsiya a kan tuƙinsa, sai na ji murya a bayana: "Sannunku da zuwa. Ina gajiya?" Na waiga, wani siririn Bature ne da ya ba saba'in baya da nisa, yana murmushi. Ya ce ya koyar da lissafi a wata sakandare a ƙasar Sakkwato daga 1965 zuwa 1967, cikin samarin Peace Corps, 'yan aikin sa-kai da Amurka ke turawa ƙasashen waje. Hausarsa ta tsaya a inda ya bar ta, da sule da sisi yake lissafi, ya tambaye ni ko har yanzu ana sayar da kaza sule uku. Da Hausar ta ƙare muka koma Turanci.

Ya ce yana dawowa gida ɗagin ƙafar da aka yi masa ya ƙare, takarda ta zo a 1968. "Ni ban jira an ba ni lamba ba." Ya nuna mini ƙetaren kogi da haɓa. Ya zuba littattafai da akwati ɗaya a mota, ya haye gada, jami'in Kanada ya yi masa 'yan tambayoyi ya buga hatimi. Dubun dubatar samari sun bi wannan hanya, da yawa suka zauna a Toronto. Gadar da ta kusa jefa ni a wahala ɗazu, shi da minti goma ya wuce ta. Amma komowa ta gagara, don kamu ke jiransa. Ubansa ya daina amsa wasiƙunsa, ya rasu a 1974, bai ga jana'izarsa ba. Ranar 21 ga Janairu 1977, washegarin rantsar da shi, Carter ya yi afuwa ga waɗanda suka guje wa kira, ban da waɗanda suka gudu bayan sun sa kaki. Shi dai lokacin ya riga ya yi aure ya yi 'ya'ya a can, yanzu ƙanwarsa yake zuwa dubawa.

Na ce masa ko yana nadama. Ya ce yaƙin zalunci ne, ko yau aka sake ba zai je ba. Sai ya yi shiru, feshin ruwa yana jiƙa mana fuska. Ya ce kowane kwamiti ana ba shi adadin da zai kawo a wata, in ɗaya ya zille sai a ɗauki na bayansa. Wannan jimlar da Hausa ya faɗe ta, a hankali, yana neman kalmomin: "Wani yaro ya tafi maimakona. Ban san sunansa ba." Ya ce sau ɗaya ya je bangon Washington, ya karanta sunayen 1968 har ƙafarsa ta gaji.

Garin Bethel na jihar New York ni na matsa a biya, Yaya yana ƙorafin an ƙara masa hanya. A nan aka yi taron kiɗan Woodstock daga 15 zuwa 18 ga Agusta 1969, shi garin Woodstock ɗin ma yana can, tafiyar fiye da awa ɗaya. Muka biya dala 20 da 'yan kai kowannenmu muka shiga gidan tarihi: motar safa an yi mata fenti kala-kala, riguna masu fure, hotunan samari da 'yan mata gashi buzu-buzu cikin taɓo. Filin kansa gangaren ciyawa ne, an aske shi tas, ba komai a kai. Mutum wajen 400,000 suka kwana uku a nan cikin ruwan sama. Ba zan ɓoye ba, tsiraici da wiwi da ƙwaya da zaman dadiro da 'yan hipi suka mayar ado ba su burge ni ba, kuma na gane abin da ya sa iyaye irin na tsohon Youngstown suka ga kamar duniya ce ta zo ƙarshe. Amma yaron da aka ce bai isa jefa ƙuri'a ba sai ya kai 21, alhali ya isa a kai shi daji a kashe, in ya daina jin maganar manya a kan aski da tufafi ba abin mamaki ba ne. Sai a 1971 aka sauko da shekarun zaɓe zuwa 18. Abin dariya, mai gonar, Max Yasgur, makiyayin shanun madara ne ɗan Republican mai goyon bayan yaƙin, kuma da abinci da magani suka yanke, jirage masu saukar ungulu na soja suna cikin waɗanda suka kawo ɗauki.

Mai yi mana jagora wani tsoho ne da ya ɗaure furfurarsa ta baya, lauya ne da ya yi ritaya, ya ce yana cikin taɓon nan yana ɗan shekara 20. Yanzu na koyi tambayar, na ce lambarsa nawa. Ya kyalkyale da dariya ya ce 312. "Daren nan na yi barci kamar jariri. Kuma in gaya maka gaskiya, daga ranar wurin zanga-zanga ya fara yi mini nisa." Na ji daɗin gaskiyarsa fiye da duk abin da ke cikin gilasan gidan. Nixon ma ya san haka, shi ya sa ya ɗauki alkawarin kawo ƙarshen ɗibar dole, ya kuma cika a 1973. Motar da tsohon ya shiga da aka tashi, Yaya ya ce kuɗinta ya fi albashinsa na shekara.

A hanyar komawa, yarinyar tana barci a baya cikin akwatuna, ni da Yaya muka kama lissafin shugabanni. Clinton da Bush ƙarami da Trump duk 1946 aka haife su, tsakiyar waɗanda aka ɗiba, kuma ba wanda ya taka Biyetnam a cikinsu: na farko karatu da dabaru, na biyu dakarun sama na jihar Texas, na uku karatu sau huɗu sannan takardar ciwon diddige. Biden ma karatu ne sannan asma. Waɗanda suka je kuwa, Al Gore da John Kerry da John McCain wanda ya shekara biyar da rabi a kurkukun Hanoi, duk sun nemi kujerar sun faɗi. Yaya ya ce tsofaffin da ke zuwa karɓar magani wurinsa, kafin su buɗe baki a kan siyasa yakan gane ɓangarensu daga inda suke a 1969. Ya ce Iraƙi da Afganistan an shekara ashirin ana yi da 'yan sa-kai, yawanci 'ya'yan marasa ƙarfi, jami'o'i ba su rufe ba ko na mako guda. Na ce a 1973 ɗin da suka daina ne Gawon ya kafa mana bautar ƙasa, kuma kowa ya san ɗan wa ake turawa ƙauyen da ba ruwa, ɗan wa ake dawo da shi Abuja. Yaya ya ce in bar zancen, yana tuƙi.

An yi bikin yaron lafiya, ya sa doguwar riga da hula mai kusurwa huɗu, uwarsa ta yi guɗa a cikin Turawa. Takardar tana nan a firji har ranar da na taho.

Kwana biyu da dawowata na je gaida Kawu a cikin gari, na kai masa turare da man zafi. Ya shiga soja a 1967 yana ɗan shekara 18, shi da abokansa na unguwa, ya yi yaƙin basasa har ƙarshe, kuma ba ya zancen. Na nuna masa hoton bangon a waya. Ya sa tabarau ya kawo wayar kusa da hanci.

"Duka sunaye ne wannan?"

"Duka, Kawu."

"Har kurata?"

"Har su."

Ya ce su dai ranar 15 ga Janairu ake ajiye fure a gaban sojan da ba a san sunansa ba, a saki tantabaru. Na ce masa a can kowane tsoho yana riƙe da lambarsa a ka. Sai ya gyara zama ya karanto mini lambarsa ta soja da Turanci, tiryan-tiryan ba gargada, mutumin da ke manta inda ya ajiye carbi. Daga nan ya fara kiran waɗanda suka shiga mota ɗaya da shi ba su dawo ba, kowa da sunan ubansa da unguwarsu, yana lanƙwasa yatsu. Ya kai bakwai ya tsaya, ya ce akwai wani ɗan gajere mai yawan dariya, ɗan wajen Gwarzo, sunan ya ɓace masa. Ya miƙo mini wayar ya ce in ƙara masa girman hoton.